Buhu Uku na Doya

Sai da Yaya Zaidu ya yi wata guda da rasuwa na lura Baba ya daina cin doya. Ni ke kai masa abinci zaure. Duk ranar da aka yi sakwara sai ya ɗaga murfin kwano, ya duba, ya mayar, ya ce a dama masa koko. Alhali a da, in ba a daka doya a gidanmu ba ranar Juma'a, sai kowa ya ji a jikinsa. Na gani, na yi shiru. A gidan Malam Sharifuddeen, limamin masallacin layinmu a unguwar Zongo, ni Ruƙayyat an san ni da shiru.

Yaya Zaidu matuƙin ƙaramin jirgin sama ne, irin mai kujera huɗu, mallakar wata ƙungiyar koyon tuƙi da ke da ɗan filin sauka a bayan garin Baguida, kusa da bakin teku. Wata Alhamis ya kai wani likita arewa, ya juyo, shi da bakaniken ƙungiyar, Tchakoura. Har sun hango fili. Masuntan da suka gani da idonsu sun ce jirgin ya rage gudu, ya karkata zai daidaita da titin sauka, sai fiffike ɗaya ya yi ƙasa, hanci ya bi shi, suka faɗa cikin gonar rogo. Babu wanda ya fita da rai.

Ranar sadakar uku babban wanmu, Yaya Abdulƙahhar, ya shigo tsakar gida da wayar mamacin a hannu. 'Yan sanda ne suka ba shi, gilashinta a tsage amma tana kunnuwa. Ya tsaya a gaban mata ya ce, "Lambar ƙarshe a cikin wayar nan ta matarsa ce. Mutum yana sama, yana neman sauka, ana damunsa da kira. Ni dai abin da na gani na faɗa."

Inna ta waiwaya ta dubi Mahfuza, matar Yaya Zaidu, wadda ke zaune a kan tabarma da 'yarsu Meimuna a cinya.

"Ke kika kira shi?"

"Inna, shi ya kira ni. Kafin ya tashi."

"Ji ta! Ko kwana uku bai yi a ƙasa ba har ta fara ƙaryata wansa."

Daga ranar aka yanke mata hukunci, ba tare da an zauna ba.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Mace ta zauna a ɗakin mijinta, ta bar kwalliya da turare, shi ke nan abin da Baba da kansa ke karantarwa a masallaci. Amma a gidanmu sai aka yi wa takabar Mahfuza ƙari. Da farko Inna ta ce ɗakin Yaya Zaidu yana tayar mata da hankali in ta ga ana shiga ana fita, aka kulle shi, aka mayar da Mahfuza ɗakin ajiya da ke jikin madafa, inda buhunan masara da gawayi suke. Ba shi da taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Sannan aka karɓe wayarta.

"Wayar nan ta riga ta yi aikinta," in ji Inna.

Aka ware mata kwano da moɗa. Matan unguwa masu zuwa gaisuwa sukan wuce ƙofar ɗakin kamar babu mutum a ciki. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwa ta ce, da ƙarfi yadda za a ji, "'Yan matan yanzu! Miji yana tsakanin sama da ƙasa, ita tana son ta ji ko ya sayo mata albasa."

Mahaifiyar Mahfuza ta zo daga unguwar Totsi sau uku a kan zemijan, babur ɗin haya, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali. Sau uku ana tsayar da ita a zaure. Yaya Abdulƙahhar ya ce mata mai takaba ba ta ganin baƙi. Tsohuwar ta ce, "Ni baƙuwa ce wurin 'yata?" Ya ce shi ba shi ya kafa shari'a ba. Mijin tsohuwar direban babbar mota ne, ya rasu tuntuni, ba ta da wanda zai zo ya tsaya mata a gaban liman. Ta ajiye kwanon ta tafi.

Na sami Baba a zaure wata safiya bayan ɗalibai sun tashi. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ɗakin da aka sa Anti Mahfuza yana yoyo. Jiya ruwa ya jiƙa tabarmarta."

Bai ɗago daga littafinsa ba. "Wannan harkar mata ce, Ruƙayya. Je ki gaya wa uwarki."

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ɗana yana kwance cikin ƙasa, ruwa na dukan kabarinsa. Ita tabarma ce ta dame ta?"

A wata na biyu aka ɗauke Meimuna. Inna ta ce ɗakin ajiya bai dace da yarinya 'yar shekara huɗu ba, akwai sauro, akwai ƙurar gawayi. Gaskiya ta faɗa, sai dai ita ta sa su a ciki. Yarinyar ta koma kwana ɗakin Inna, kuma aka hana ta zuwa wajen madafa. Mahfuza kan zauna a bakin ƙofa tana kallon 'yarta daga nesa, tana wasa da murfin kwalba a gindin famfo. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa, kafin ma a tuna a ce ta cire shi. Ƙuraje suka feso mata a wuya saboda zafin ɗakin. Amma ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban kowa ba. Idan Inna ta wuce sai ta gaishe ta da cikakkiyar murya, "Inna, ina kwana," ko an amsa ko ba a amsa ba. Wannan gaisuwar ta fi komai ɓata wa Inna rai.

Wata rana da hantsi ina tsaye da kwanon abincin Mahfuza, Meimuna ta kuɓuce ta rugo. Mahfuza ta buɗe hannu. Yarinyar ta tsaya taku biyu daga gare ta, ta sa yatsa a baki.

"Mama, wai ke kika faɗo da jirgin Abba?"

"Wa ya ce miki?"

"Kaka. Ta ce in kin tafi gidanku ni a nan zan zauna."

Inna ta ƙwala wa yarinyar kira, ta juya da gudu. Mahfuza ta bi ta da ido har ta shige. Sannan ta dube ni.

"Shigo, Ruƙayyat. Rufe ƙofar."

Na shiga. Ɗakin yana warin gawayi da danshi.

"Kin san abin da yayanki ya gaya mini a wayar nan? Ba wanda ya tambaye ni, to ke zan gaya wa. Yaya Babba yana can arewa a ranar, ya je sayen doyar garin Bassar ta walimar saukar ɗaliban Baba. Motar da ya ɗauka ta lalace. Sai ya kwaso buhu uku ya kai filin jirgi, ya ce yayanki ya taho da su. Yayanki ya ce ba zai yiwu ba, akwai akwatin kayan aikin Tchakoura, ga tanki cike da mai. Yaya Babba ya buga wa Baba, ya miƙa masa wayar. Baba ya ce, jirgin mutum huɗu, ku biyu ne a ciki, doya ce za ta gagare shi? Kada ka kunyata wanka a gaban mutane."

Na tuna kwanon sakwara da ake mayarwa.

"Da ya kira ni," ta ci gaba, "dariya yake yi, irin wadda yake yi in ransa ya ɓaci. Ya ce, Mahfuza, yau na zama direban kasuwa. Ya ce in dafa masa shinkafa, shi ya ƙoshi da doya tun kafin ya ci. Shi ke nan maganarmu."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na fara faɗa, kin ga abin da ya biyo baya. Ni 'yar direba ce, su liman da babban ɗansa. Wa zai ji?" Ta karɓi kwanon daga hannuna ta ajiye. "Ke fa? Shekara huɗu kina zuwa jami'a. Me aka koya miki, kawo abinci da sunkuyar da kai?"

Na fita kunnuwana suna zafi, domin ta faɗi gaskiya.

Saura mako biyu ta fita takaba wani ma'aikaci ya kawo ambulan mai ruwan ƙasa daga masu binciken haɗarin. Ni na buɗe masa ƙofa, na ga sunan da ke jiki: Madam Mahfuza, matar mamaci. Kafin in juya Yaya Abdulƙahhar ya zare shi daga hannuna.

Ya ce da Faransanci, "Donne-moi ça, ba ni nan. Ba na yara ba ne."

Baba ba ya karanta Faransanci, Inna ma haka. Da la'asar Yaya ya zauna ya fassara musu, ni ina zuba shayi. Ya juya shafi biyu, ya ce, "Abin da muka sani ne. Sun ce hankalin matuƙi ya rabu a lokacin sauka." Inna ta ce, "Allah ya isa." Baba ya ce, "Ƙaddara ta riga fata." Ya karɓi takardar, ya tura ta ƙarƙashin buzun da yake zama a kai. Bai dubi Yaya ba, Yaya ma bai dube shi ba.

Ni ke sharar zaure kowace safiya. Washegari na ɗaga buzun.

Shafi goma sha ɗaya ne. Na karanta a tsaye, tsintsiya a hammata. Akwai kalmar da ta yi ta dawowa, dekroshaj, kuma na san ta, domin Yaya Zaidu ya taɓa nuna mini da faifan Inna. Ya riƙe faifan a gaban fanka ya ce, iska ce ke ɗauke da jirgi, muddin tana bin fiffike da gudu. In ka rage gudu da yawa, ka ɗaga hanci da yawa, sai iskar ta sake ka. A can sama kana da sararin da za ka sunkuyar da hanci ka sake kama ta. Amma dab da sauka, ƙasa ta fi kusa. Ya saki faifan ya faɗi, Inna ta yi masa faɗa.

Takardar ta ce an sami doya warwatse a gonar rogon. An tattara an auna, kilo ɗari da ashirin, a wurin da aka yarda a sa kilo hamsin. An cusa buhunan can ƙarshen baya, bayan kujeru, ba a ɗaure ba. Nauyin ya rinjayi wutsiya, ya ɗaga hanci, kuma da jirgin ya rage gudu a kwanar ƙarshe, matuƙin ya kasa mayar da shi. Mai gadin filin arewa ya shaida cewa wani mutum da ya ce shi wan matuƙin ne, shi ya loda kayan da hannunsa, kuma ya tura su baya don kada ƙasar doya ta ɓata kujeru. Game da waya, layi ɗaya ne tak: kiran ƙarshe an yi shi minti goma sha biyar kafin tashi, babu wani kira a cikin tafiya.

Na kai takardar shagon hoto na bakin titi aka buga mini kwafi, na mayar da ta asali ƙarƙashin buzu. Kwana goma sha uku kwafin yana cikin jakata. Kullum sai in ce yau, sai in ga fuskar Baba, in fasa.

Ranar fitar takaba aka yi sadaka da safe. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, malamai da maƙwabta a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya. Mahaifiyar Mahfuza ta zo, a wannan karon an bar ta ta shigo. Mahfuza ta yi wanka, ta sa atamfar da uwarta ta kawo, ta zauna a bakin tabarma. Bayan addu'a Yaya Abdulƙahhar ya gyara murya.

"Bon, to. Mahfuza ta gama iddarta, za ta koma gidansu, mun yafe mata. Amma Meimuna jininmu ce. Yadda abin nan ya faru, kowa ya sani, ba za mu bar marainiyar Zaidu a hannun da ya yi sanadin ubanta ba."

Mahaifiyar Mahfuza ta ce, "Malam, kai ne mai ilimi. Uwa tana raye, da hankalinta, a raba ta da 'yarta?"

Baba ya ja carbinsa. "Maslahar yarinyar ake dubawa, Hajiya. A yi haƙuri."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Baba, ina da magana."

Inna ta ce, "Ke, zauna! Ina hankalinki?"

Na ciro takardar. Yaya ya ga hatimin da ke samanta, fuskarsa ta canza.

"Ruƙayyat, assieds-toi, zauna!"

"Yaya, ka fassara wa Baba shafi biyu. Saura tara."

Na fara karantawa. Jimla ɗaya da Faransanci, in mayar da ita Hausa, don akwai 'yan boko a cikin taron, kada a ce na ƙara ko na rage. Na karanta nauyin doyar. Na karanta inda aka cusa ta da dalilin cusa ta. Na karanta maganar mai gadi. Da na zo kan layin waya sai na karanta shi sau biyu. Wani dattijo, Malam Boubacar, wanda ya yi aikin kwastan kafin ya yi ritaya, ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya sa tabarau ya bi shafin da yatsa, ya ce, "Haka aka rubuta."



Yaya Abdulƙahhar ya tashi tsaye. "To, sai me? Ni matuƙi ne? Ni na san kilo nawa jirgi ke ɗauka? Shi ya yi karatun. In ya san da haɗari, ai da ya ƙi!"

"Ya ƙi, Yaya. Sai ka kira Baba."

"Da ya ƙi wa Baban!"

"Wa ya taɓa ƙi wa Baba a gidan nan?"

Inna ta dubi Baba. "Malam, me yarinyar nan take faɗa? Kai ka ce ya ɗauko?"

Baba ya dubi carbinsa. Ya ce, a hankali, "Kowane rai da ajalinsa. Ko da doya ko babu doya, ranarsa ce ta zo. Ƙaddara ce."

Na durƙusa, domin ubana ne, amma ban sunkuyar da kai ba.

"Na yarda, Baba. Ƙaddara ce. To me ya sa da aka ce waya ce ba ta zama ƙaddara ba? Wata huɗu da kwana goma Anti Mahfuza tana kwana da gawayi. An hana uwarta ganinta. An koya wa 'yarta cewa ita ta kashe ubanta. Kana zaune a zaure, ka san abin da ka faɗa a wayar nan, Yaya ya san abin da ya loda. Kun bar ta ta ɗauka muku. Ka daina cin doya, Baba, ni ke kawo maka abinci, na gani. Ita kuma an hana ta komai."

Wata daga cikin mata ta ce, "Subhanallahi, 'ya da ubanta!" Malam Boubacar ya ce, "Ku bar ta. Uwar Tchakoura ma tana can unguwar Bè, ba wanda ya je ya gaya mata abin da ya kashe ɗanta."

Inna ta fara kuka, ba irin na zaman makoki ba, wani marar sauti, tana kallon hannuwanta. Meimuna tana jingine da ita, tana kallon manya ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ci gaba da magana, yana cewa walimar ta Alƙur'ani ce, niyyarsa alheri ce, doyar ma ba tasa ba ce, ta baƙi ce. Ba wanda ke saurarensa. Baba ya buɗe baki kamar zai kira sunan Mahfuza, sai ya rufe. Kowa ya juya wajenta, ana jiran ta yi kuka, ko ta yi zagi, ko ta ce ta yafe.

Mahfuza ta tashi. Ta taka tabarmar maza, abin da mace ba ta yi a gidanmu, ta karɓi takardar daga hannun Malam Boubacar, ta duba sunanta a sama, ta naɗe ta ta soke a ƙugu. Ta je gaban Inna ta miƙa hannu. Meimuna ta dubi kakarta. Inna ba ta riƙe ta ba. Mahfuza ta sunkuya, ta ɗora yarinyar a baya duk da ta wuce goyo, ta ɗaure ta da mayafinta, ta ja kullin sau biyu. Mahaifiyarta ta tashi ta bi bayanta.

Sai da ta zo daidai inda nake durƙushe ta ɗan tsaya, ta dafa kafaɗata da tafin hannunta mai kaushin gawayi. Sannan ta ratsa zaure, ta wuce buzun Baba, ta fita titi. Ƙofar ma ba ta ja ba.